Ihr fahrt ko ihr fährt? Muhawara kan “ku” na Jamusanci, aikatau masu Dativ da wasulan ä, ö, ü

Nafisa Zariya:
Assalamu alaikum malamai. Abu uku ne suka cakuɗe mini a darasin Jamusanci na A2, mataki na biyu na masu koyo. Littafi ya ce du fährst, er fährt, amma da aka zo kan ihr sai ɗigon ya ɓace, aka rubuta ihr fahrt. Kuskuren ɗab'i ne ko haka yake? Na biyu, me ya sa ich sehe dich daidai ne amma ich helfe dich kuskure? Na uku, ü da ö ɗin nan ta ina ake fito da su a baki? A taimaka.

Malam Sanusi:
Wa alaikumus salam. Ba kuskuren ɗab'i ba ne, Malama Nafisa. Ihr shi ne “ku” da ake faɗa wa mutum biyu ko fiye waɗanda kowannensu za ki iya ce masa du: ƙawaye, yara, dangi, abokan karatu. Ƙa'idarsa ta fi ta kowane wakilin suna sauƙi. Ki ɗauki aikatau yadda yake a ƙamus, ki cire -en na ƙarshe, ki liƙa -t. Machen ya ba ki ihr macht, kommen ya ba ki ihr kommt, fahren ya ba ki ihr fahrt. Wasalin saiwar ba ya motsi ko kaɗan. Canjin wasali na du ne da er, sie, es kawai. Shi ya sa ake cewa du schläfst amma ihr schlaft, du läufst amma ihr lauft, du gibst amma ihr gebt, du siehst amma ihr seht, du nimmst amma ihr nehmt, du sprichst amma ihr sprecht.

Abin da ke jefa ɗalibai a rami shi ne a aikatau na yau da kullum er da ihr kamarsu ɗaya: er macht, ihr macht. Sai kai ya saba, ya ɗauka ko'ina haka ne, ya kwafi er fährt ya manna wa ihr. Kada ki taɓa gina ihr daga er. Daga ƙamus ake gina shi.

Ɗanlami:
Ƙari a kan na Malam. Idan saiwar ta ƙare da t ko d, ana cusa e kafin -t ɗin domin baki ya iya furtawa: ihr arbeitet, ihr wartet, ihr findet, ihr redet. Haka in ta ƙare da m ko n da wani baƙi mai tauri a gabansu: ihr atmet, ihr öffnet, ihr rechnet. Amma ihr lernt, ihr wohnt, ihr kommt, babu e. A nan ne halten da laden suke kama mutane, domin er hält ne, ihr kuwa haltet. Er lädt ein, ihr ladet ein. Werden ma haka, er wird, ihr werdet. Wanda ya fita daga layi gaba ɗaya guda ne, sein: ihr seid, da d. Seit mai t kuma “tun” ne, kamar seit Montag, tun Litinin. A baki furucinsu ɗaya ne domin Bajamushe yana mai da d na ƙarshen kalma t, a rubutu ne ake rabe su. Su kansu 'yan ƙasar suna wannan tuntuɓen a saƙonnin waya.

Nafisa Zariya:
Na gane. To amma ga ihr könnt, ihr müsst, ihr dürft da ɗigonsu. Ba an ce ihr ba ya ɗaukar ɗigo ba?

Malam Sanusi:
Ba a ce ba ya ɗaukar ɗigo ba, an ce ba ya canza abin da ya tarar a ƙamus. Können, müssen, dürfen, mögen da ɗigonsu suka zo, ihr ya bar musu kayansu: könnt, müsst, dürft, mögt. Tilo ne ya sauya a nan, ich kann, ich muss, ich darf, ich mag. Wollen da sollen ba su da ɗigo tun asali, don haka ihr wollt, ihr sollt. Wissen ma gidansu ɗaya: ich weiß, er weiß, amma ihr wisst. Ƙa'idar dai ba ta karye ba.

Dakta Habu:
Bari in kawo dalilin, domin wanda ya san dalili ba ya mantuwa. A tsohon Jamusanci, sama da shekara 1000 da suka wuce, ana cewa du feris, er ferit, amma ir faret. Ku dubi ɗafa-ƙeyar: na du da na er suna da wasalin i, na ir kuwa e ne. Wannan i ɗin shi ya jawo a na saiwa zuwa gaban baki. Daga baya i ya raunana ya ɓace, amma tabon da ya bari yana nan, shi ne fährst da fährt. Ihr bai taɓa samun i a ƙeyarsa ba, shi ya sa babu abin da ya taɓa wasalinsa. Haka gast da jam'insa gesti suka zama Gast da Gäste. Sunan Umlaut, wato irin wannan canjin wasali, da wannan ma'ana Jacob Grimm ne ya kafa shi a littafinsa na nahawun Jamusanci da ya fara fitowa a 1819.

Bahaushe bai kamata abin ya zame masa baƙo ba. Mu ma i da e suna jan maƙwabcinsu gaba, sai dai mu baƙi suke ja: mota ta zama motoci, kaza ta zama kaji, ɓarawo ya zama ɓarayi, gida ya zama gidaje. Ganɗantawa ke nan. Su wasali ne i yake ja musu.

Hajiya Rabi:
Nahawun ya fito. Ni gargaɗina a kan wa ake ce wa ihr. A al'adarmu “ku” na girmamawa ne ga mutum ɗaya ma: kun tashi lafiya Baba, yaushe kuka dawo Malam. Ɗalibi Bahaushe da ya ji an ce ihr shi ne “ku”, nan take zai ɗauka ya samu kalmar ladabi, ya je ya ce wa likita ko ma'aikacin ofishin baƙi habt ihr Zeit. Wannan ba ladabi ba ne a wurinsu. Na girmamawa Sie ne da babban S, ko mutum ɗaya ko goma: haben Sie Zeit. Surukai biyu da ba su ba ki izinin du ba, Sie ne. Yara uku a titi, ihr ne.

Isufu Maraɗi:
Hajiya, a gafarce ni, maganar ba ta kai haka tsauri ba. Ihr na girmama mutum ɗaya tsohon abu ne a harshen, da shi ake yi wa sarakuna da manya magana kafin Sie ya ture shi, kuma har yau yana raye a karin harshen Bern na Suwizalan da wasu ƙauyukan kudu. Ban da haka, ko a Berlin mutum zai shiga kanti ya ce wa mai sayarwa ɗaya tak habt ihr das auch in Größe 42, ba wanda zai ɗaga gira.

Hajiya Rabi:
Malam Isufu, na kantin nan ba mai sayarwar ake nufi ba, kantin ne da mutanensa, kamar ka tsaya gaban yaron shago ka ce kuna da sukari. Jam'i ne na gaskiya. Na Bern kuwa karin harshe ne, ba shi ake jarrabawa da shi ba. Mai A2 ya riƙe Sie ga duk baligin da bai sani ba, sai an ce masa wir können uns duzen, wato muna iya ce wa juna du.

Isufu Maraɗi:
Na yarda da wannan rabon. Saura taron da ya gauraya, wasu kana ce musu du, ɗaya kuma Sie. A wurin aiki da yawa suna cewa ihr ga taron duka, amma in shugaba ko baƙo yana ciki Sie ya fi aminci.

Ɗanlami:
Kafin a bar ihr, umarninsa kyauta ne: a cire ihr ɗin kawai. Kommt rein, ku shigo. Wartet hier, ku jira a nan. Seid leise, ku yi shiru. Setzt euch, ku zauna. Ba kamar du ba da yake da gib, nimm, lies. Na jam'i gebt, nehmt, lest. Euch kuma guda ne ga Akkusativ, mai kama da “ku” na na gan ku, da Dativ, mai kama da “muku”: ich sehe euch, ich helfe euch. Mallaka euer ne, amma e na biyu yana faɗuwa da zarar an yi ƙari: euer Vater, eure Mutter, euren Bruder, mit eurem Auto.

Wata matsalar ta bakinmu ce. Hausa ba ta son baƙaƙe su taru a ƙarshen kalma, sai mu cusa wasali: habit maimakon habt, machet maimakon macht. A ihr wannan cusawar tana iya sauya ma'ana, domin könnt “kuna iyawa” ne, könntet kuwa “da za ku iya”. Dabarar ita ce a haɗa t ɗin da kalmar da ke biye a tambaya, a furta habt ihr kamar hap-tir, könnt ihr kamar kön-tir. In baki ya saba sai a yanke ihr ɗin a bar t a tsaye. Lura kuma b na habt da gebt kamar p yake fita.

Baba Zango Kumasi:
Mu zo kan Dativ, nan ne Bahaushe ya fi mai Turanci sa'a. Turanci ba ya bambanta “shi” da “masa”, mu kuwa muna yi kullum. Na gan shi, ich sehe ihn. Na gode masa, ich danke ihm. Mir, dir, ihm, ihr, uns, euch, ihnen su ne mini, maka ko miki, masa, mata, mana, muku, musu. Helfen yana tafiya kamar “taimaka wa”: na taimaka miki, ich helfe dir. Matsalar Nafisa ita ce Hausa tana da hanya biyu, na taimake ki da na taimaka miki, Jamusanci kuwa ta biyun kawai ya sani. Ku gwada sauran: antworten, amsa masa, verzeihen, yafe masa, widersprechen, musa masa, gratulieren, a ce yi masa barka. Das schmeckt mir, ya yi mini daɗi. Das Hemd passt mir, rigar ta yi mini daidai. Das ist mir zu teuer, ya yi mini tsada. Har jerin kalmomi ɗaya ne: na kawo wa yaron littafin, ich bringe dem Kind das Buch, mai karɓa ne a gaba. Ni a ganina ba sai an haddace jerin aikatau ba, a tambayi Hausa kawai.

Malam Sanusi:
Baba, a nan zan saɓa maka, da girmamawa. Gadar tana da kyau amma tana da ramuka, kuma a aikatau da aka fi amfani da su ramukan suke. Na buga masa waya, amma ich rufe ihn an, Akkusativ. Na kai masa ziyara, ich besuche ihn. Na yi masa tambaya, ich frage ihn. Na mara masa baya, ich unterstütze ihn. Na yi masa ƙarya, ich lüge ihn an. Na yi masa dariya, ich lache ihn aus. Duk “masa” ne a Hausa, duk ihn ne a Jamusanci. Dalili kuwa, Hausa in ta gina magana da “yi” ko “kai” ko “buga” tare da suna, sunan ne ya riga ya cinye gurbin karɓau, dole mutumin ya koma “masa”. Wannan “masa” ɗin ba shaida ba ce. Ga kuma ta ɗaya gefen: na bi shi, amma ich folge ihm. Na saurare shi, ich höre ihm zu. Na taya shi murna, ich gratuliere ihm, kai ma sai da ka juya ta zuwa “yi masa barka” kafin ta zauna. Na haɗu da shi, ich begegne ihm, alhali treffen mai kusan ma'ana ɗaya ihn yake ɗauka.

Baba Zango Kumasi:
To ai ko a jerinka akwai mafita. Na kira shi, na ziyarce shi, na tambaye shi, duk kai-tsaye ne, sun dace da ihn.

Malam Sanusi:
Sun dace bayan ka riga ka san amsar ka zaɓi fassarar da ta yi daidai da ita. Ɗalibin da bai sani ba, ta yaya zai san “kira shi” zai ɗauka ba “buga masa” ba? Amfanin Hausa shi ne bayan an koya, a rataya kowane aikatau a jikin fassarar da ta dace domin ya zauna a ka. Wajen hasashe kuwa ba abin dogaro ba ce.

Hajiya Rabi:
Ku biyun kuna da gaskiya, amma haddar ba ta da yawan da ake tsoro. Waɗanda mai A2 zuwa B1 yake buƙata ba su wuce ashirin da 'yan kai ba: helfen, danken, antworten, gratulieren, gefallen, gehören, schmecken, passen, fehlen, folgen, glauben, vertrauen, zuhören, zustimmen, begegnen, passieren, gelingen, schaden, raten, verzeihen, wehtun, leidtun. Kada a haddace su tsirara. A rubuta kowanne a kati da jimla mai mir, dir ko ihm, misali kannst du mir helfen, das Buch gehört ihm. Kada a yi katin da uns ko euch, domin su ba sa nuna bambanci, ba abin da za su koya wa kunne. Kati biyar a rana, kwana biyar an gama, sauran maimaici ne da babbar murya.

Kuma a raba su gida biyu. Gidan helfen, danken, folgen, mutum ne yake yi wa mutum. Gidan gefallen, schmecken, gehören, fehlen, passen, gelingen kuwa abin ne aikau, mutumin yana Dativ, don haka aikatau da abin yake dacewa: das Kleid gefällt mir, die Schuhe gefallen mir. Wanda ya ce ich gefalle das Kleid ya juya zancen, kamar shi ne yake son ya burge rigar, ga shi ko hakan ma bai faɗe shi daidai ba. Du fehlst mir shi ne ina kewarki, a zahiri “kin yi mini rashi”. Masu shirin aikin jinya su riƙe waɗannan biyun tun yanzu: was fehlt Ihnen, me ke damunku, da wo tut es Ihnen weh, ina ke muku ciwo. Sai mir ist kalt, ina jin sanyi. Ich bin kalt yana nufin jikinka ne ya yi sanyi in an taɓa, ko kai mutum ne marar tausayi.

Dakta Habu:
Akwai alamar da ke rage hadda. Ɗafa-goshin be- yawanci yana mai da aikatau mai Dativ ya koma Akkusativ: ich antworte dir amma ich beantworte die Frage, er droht mir amma er bedroht mich, sie rät mir amma sie berät mich, dienen da bedienen haka. Ver- ma ya yi wa folgen haka, er folgt mir, er verfolgt mich. Begegnen da befehlen suna cikin waɗanda suka ƙi bin layi, Dativ suke ba mutum. Masu zu- da bei- kuma in mutum suka nufa galibi Dativ ne: zuhören, zusehen, zustimmen, beistehen. Glauben fuska uku gare shi: ich glaube dir, na gaskata ka, ich glaube das, na yarda da zancen, ich glaube an Gott, na yi imani da Allah.

A shuɗaɗɗen lokaci a kula, folgen, begegnen, passieren da gelingen sein suke ɗauka: ich bin ihm begegnet, was ist euch passiert. Gefallen kuwa haben, es hat mir gefallen. In ka ce ist gefallen ka koma fallen, abu ya faɗi ƙasa.

Ɗanlami:
Inda maki ya fi zubewa ba a wakilin suna ba ne, a suna ne. Dem ga namiji da sunaye masu das, der ga mace, den ga jam'i tare da ƙarin n a jikin sunan: ich helfe den Kindern, wir danken den Lehrern. In jam'in ya riga ya ƙare da n ko s ba a ƙara komai: den Frauen, den Autos. Sai sunayen maza masu ɗaukar -n ko -en ko a tilo: dem Jungen, dem Kollegen, dem Patienten, dem Nachbarn, dem Herrn. Tambaya kuma wem ce ba wen ba, wem gehört das Handy. Maganar Baba ta jerin kalmomi gaskiya ce in sunaye ne biyu, amma in duka wakilai ne sai su juya: ich gebe es ihm, abin ne a gaba.

Auwalu:
Ga jimlar gwaji ga Nafisa: gebt ihr ihr ihr Buch? Daidai take, ba wasa ba.

Nafisa Zariya:
Kai Yaya Auwalu! Bari in gwada. Na farko “ku” ne saboda gebt, na biyu “mata”, na uku “nata”. Za ku ba ta littafinta?

Auwalu:
Kin ci. Na ukun yana iya zama “nasu” ma, mahallin zance ne zai raba. Ihr da babban harafi a tsakiyar jimla kuma “naku” ne na girmamawa, wie ist Ihr Name. Sai dai a wasiƙa za ki iya ganin Ihr da Euch da babban harafi ana nufin abokai: gyaran rubutu na 1996 ya ce a rubuta du da ihr da ƙaramin harafi, na 2006 ya sake halatta babba a wasiƙu. Aikatau ne zai gaya miki wanne ne, in ya ƙare da -t kuma ihr ne aikau, “ku” ne.

Isufu Maraɗi:
Saura wasula. Mu da muka yi makaranta da Faransanci an rage mana rabin aiki: ü shi ne u na tu da rue, ö mai tsawo shi ne eu na deux da peu, ö gajere shi ne na neuf da sœur, ä kuma kamar è na père. Ga 'yan'uwanmu na Najeriya da Gana, ga yadda ake yi. Ki tsaya gaban madubi ki ja “iiii” kamar ƙarshen kifi. Kan harshe yana jingine bayan haƙoran ƙasa, gadonsa ya tashi kusa da ganɗa. Kada harshen ya motsa ko kaɗan, leɓɓa kawai za ki tattaro ki turo gaba kamar mai shirin yin fito. Sautin da ya fito shi ne ü. Ö ma haka, amma daga “eeee” na ƙarshen kare za ki fara, ki kewaye leɓɓa kamar za ki ce o. In kin ji u ko o sak, harshe ne ya gudu baya ya bi leɓɓa. In kin ji i ko e sak, leɓɓa ne suka saki. Ki yi ta kai da komo, i ü i ü, e ö e ö, minti biyar safe da yamma, sannan ki shiga kalmomi bibbiyu: vier da für, Tier da Tür, liegen da lügen, lesen da lösen, kennen da können. Ki ɗauki muryarki a waya ki gwada da furucin da ke shafin ƙamus na Duden, domin kunne ba ya jin kuskuren bakinsa a lokacin da yake magana.

Dakta Habu:
Kuskure biyu ne na musamman ga Bahaushe a nan. Na farko, gajeren u da gajeren i suna musanya a Hausa ba tare da ma'ana ta canza ba, biki da buki, fushi da fishi. Saboda haka kunnenmu ya saba yafe duk abin da ke tsakaninsu, kuma gajeren ü a tsakanin nan yake zaune. Sai Kissen, matashin kai, da küssen, sumbata, su zama ɗaya. Kiste, akwati, da Küste, gaɓar teku, haka. Na biyu, bayan k da g mukan raba sautin gida biyu mu ce kyu ko kwi, Küche ta zama kyushe. Ü sauti ɗaya ne, daga farkonsa har ƙarshensa baki ba ya motsi.

Inda muke da riba shi ne tsawo. Wanda ya bambanta gari na zama da gari na tuwo ba zai sha wuya da fühlen da füllen ba, ko Hüte da Hütte, ko Höhle, kogo, da Hölle, jahannama. Alamar a rubuce take: h bayan wasali tsawo ne, baƙi biyu gajarta ne.

Nafisa Zariya:
In na kasa fito da su, ba za a gane ni daga mahallin zance ba?

Hajiya Rabi:
A wasu wurare za a gane, a wasu kuwa nahawun ne kacokan ya rataya a ɗigon. Mutter uwa ɗaya, Mütter iyaye mata. Bruder da Brüder, Tochter da Töchter, Apfel da Äpfel. Mafi haɗari su ne konnte da könnte, musste da müsste, hatte da hätte, wurde da würde, mochte da möchte. Marar ɗigo labarin abin da ya wuce ne, mai ɗigo roƙo ne ko fata. Ich hätte gern einen Tee, ina son a ba ni shayi; in kika ce hatte kin ba da labarin jiya. Konntet ihr mir helfen tambaya ce ko kun samu kun taimaka, könntet ihr mir helfen roƙo ne. Zahlen biya, zählen ƙirga. Drucken buga takarda, drücken dannawa. Schwül zafi ne mai gumi, schwul kuwa ɗan luwaɗi, a kula da wannan in ana hirar yanayi. Kuma ɗigon yana jan ch tare da shi: na Buch da Tochter daga maƙogwaro yake, na Bücher da Töchter a ganɗa yake, mai laushi kamar na ich.

Baba Zango Kumasi:
Ä fa? Wasu malamai suna cewa e ne kawai.

Isufu Maraɗi:
Gajeren ä da gajeren e sauti ɗaya ne, Wände da Wende ba su da bambanci a baki, haka Fälle da Felle. Mai tsawon ne ake jayayya. Ƙamus ya ba shi buɗaɗɗen baki, Bären ya bambanta da Beeren, Ähre da Ehre. A arewacin Jamus kuwa mutane da yawa Keese suke cewa a Käse, ba wanda ya ɗauke shi laifi. Ni ina ba da shawarar a koyi buɗaɗɗen, domin yana taimaka wa rubutu. Äu kuma oi ne, daidai da eu: Häuser, Bäume, läuft. Y a kalmomi irin su Typ da System ma ü ake furta shi.

Auwalu:
Wajen rubutawa, a waya a danne harafin a riƙe, zaɓi zai fito. A Windows a riƙe Alt a buga lamba a madannan lissafi na gefen dama: 0228 ä, 0246 ö, 0252 ü, 0223 ß, manyan kuma 0196, 0214, 0220. A Mac, Option da u sannan wasalin. Wanda ya sauya allon madannai zuwa na Jamus zai samu ü a daman p, ö da ä a daman l, amma y da z sun yi musayar wuri. In duk babu hali, a rubuta ae, oe, ue, domin ɗigon nan biyu asalinsu ƙaramin e ne da marubutan zamanin da suke ɗorawa a kan harafi. Shi ya sa Müller yake fitowa MUELLER a layin na'ura na fasfo. Abin da ba a yi shi ne a yar da ɗigon a bar harafin tsirara. Münster babban birni ne a jihar Nordrhein-Westfalen, Munster kuwa wani ƙaramin gari ne na barikin soja a Niedersachsen, mai sayen tikitin jirgin ƙasa ya duba da kyau. Kuma ƙa'idar ba ta juyuwa, ba kowane ue ko oe ne ɗigo ba: neue, Feuer, aktuell, da garin Soest da ake furtawa da o mai tsawo.

Malam Sanusi:
A jarrabawar Jamusanci ta cibiyar Goethe da hannu ko da allon da aka ba ka za ka rubuta, don haka ɗigo sosai ake so, a fili, ba layi ɗaya mai kama da tsutsa ba. A B1 aikin farko na Schreiben, sashen rubutu, wasiƙa ce ta kusan kalma 80 zuwa ga aboki, kuma ana duba dacewar salon magana. In ka buɗe da liebe Anna, lieber Tom, ka ɗaure kanka da ihr, euch, euer har sa hannu. Tsallakawa zuwa du ko Sie a tsakiya kuskure ne da ake gani nan take. Kowane sashe maki 60 cikin 100 ake nema. Malama Nafisa, rubuto mana gajeren saƙo ga ƙawaye biyu mu gani.

Nafisa Zariya:
Hallo ihr beiden, wie geht es euch? Fahrt ihr am Samstag nach Köln? Könntet ihr meinen Bruder helfen? Ich hoffe, die neue Wohnung gefallt euch. Ich rufe euch morgen an und gratuliere eure Mutter.

Malam Sanusi:
Madalla, fahrt da könntet sun zauna. Gyara uku. Helfen Dativ ne, meinem Bruder. Gratulieren ma haka, eurer Mutter. Na ukun shi ne tarkon da ya haɗa darasin duka: kin ga euch sai kika cire ɗigo, alhali die Wohnung ce aikau, ita kuwa “sie” ce tilo, don haka gefällt euch. Gefallt marar ɗigo sai in su ƙawayen ne suka burge wani, ihr gefallt mir.

Ɗanlami:
Kuma gratulieren yana son a faɗi dalilin da zu: ich gratuliere eurer Mutter zum Geburtstag. Rufe euch an ɗin daidai ne, amma ki sani Akkusativ ne euch ɗin nan ya ɓoye. Da ƙawa ɗaya ce, ich rufe dich an za ki rubuta.